Ruwan da Ya Sauka a Kan Kwanonmu Kaɗai

Kakata Nene Saripa murya biyu gare ta, amma ni da na tashi a hannunta ban san da ta biyun ba sai da Bu Wulan, wato Malama Wulan, ta zo garinmu Binontoan da na'urarta.

Ta farkon kowa ya san ta a layinmu. Idan ta ƙwala "Sahrun" daga madafa, ina kan tsani can cikin gonar kanumfari nake jin ta, kuma daga yadda wutsiyar sunan ta lanƙwasa nake gane abin da ke jirana. In ta yi sama ta tsaya a can, abinci ne. In ta yi sama ta faɗo da sauri, to na bar akurkin kaji a buɗe. In kuwa ta ja shi ƙasa-ƙasa kamar mai jan kwale-kwale a kan yashi, gara in cika wani kwandon kafin in sauko. Da Totoli, yaren garinmu, take hira, da shi take faɗa, da shi take ciniki da masu kifi, ko suna ji ko ba sa ji. Mu 'yan baya muna jin yaren, amma in za mu amsa sai baki ya zame zuwa harshen Indonesiya, don da shi aka yi mana makaranta, ɗan abin da na taɓa kafin in bari.

Bu Wulan 'yar tsibirin Jawa ce, tana aiki da wata jami'a can nesa. A tsakiyar girbin kanumfari ta zo, lokacin da ba mai sukunin zama. Ta ce ba kalmomi ta zo nema ba, waɗansu sun riga ta tattara su. Ita hawa da saukar murya take so: yadda mutumin Totoli ke ɗaga murya in yana tambaya, yadda yake sauke ta in ya ƙare magana, yadda yake kiran na nesa. Ta nuna mini a kwamfutarta. In ka yi magana, wani shuɗin zare ne ke bin muryarka, ya hau ya gangara. Na ce mata sannu da zuwa, na ga zaren ya yi ɗan tudu. Na yi ta dariya har ta ce in sake.

Duk dattijon da ta tambaya amsa ɗaya ya ba ta: in Totoli na asali take so, ta je wurin Saripa.

Ranar farko ni na gyara ɗakin baƙi. Na rufe tagogi, na rataya bargo a kansu saboda ƙarar babura, na ɗauki zakaranmu na kai ajiya gidan maƙwabciyarmu Mama Ical, wato uwar Ical, wadda suka tashi tare da Nene kuma har yau ba su gama gardamar da suka fara suna 'yan mata ba. Nene ta fito cikin rigar da take zuwa biki da ita, da farin mayafi, ta wanke hodar shinkafar da kullum ke fuskarta. Bu Wulan ta maƙala mata makirufo, wata siririyar waya mai bi ta bayan kunne ta tsaya daidai baki, ta ɗaura mata ɗan akwatinsa a ƙugu. Sannan ta ɗaga hoton wani yaro riƙe da ayaba.

"Nene, me yaron nan yake ci?"

Nene ta gyara zama, ta gyara murya.

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaida shugabanni masu daraja, da malamai masu daraja, da iyaye maza da iyaye mata da ke sauraro a duk inda suke. Bayan haka, game da abin da aka tambaye ni, yaron nan, cikin ikon Allah, ayaba yake ci. In na yi kuskure a gafarce ni."

Na leƙa kwamfuta. Zaren ya miƙe sambal kamar igiyar shanya.

Ba laifinta ba ne. A wurinmu makirufo kayan biki ne da masallaci da ranar 'yancin kai. Wanda duk aka miƙa wa, ya san abin yi: ya gaida manya, ya shimfiɗa magana ba gargada, ya nemi gafara, ya zauna. Ba a taɓa jin wanda ya yi wa jikansa tsawa a cikinsa ba.

"Ya yi kyau ƙwarai, Nene," in ji Bu Wulan. "Amma ki yi kamar da Sahrun kike magana."

"Da wannan? A gaban manyan mutane? Rufa mini asiri, 'yata."

"Ba kowa a ciki, Nene. Na'ura ce kawai."

"To wa kike tara wa maganar?"

"Mutane ne za su saurara nan gaba."

"Kin gani."

Haka aka bi hotunan nan, akuya a ƙarƙashin gada, mace na yanka kifi, kowane da sallamarsa da neman gafararsa. Ana cire mata wayar kuwa, tun Bu Wulan ba ta gama naɗe ta ba, Nene ta juyo kaina.

"Kai! Zakarana fa? Can za ka bar shi ya kwana, matar nan ta saba masa da shinkafarta ya ƙi dawowa? Wai ni me na yi aka haɗa ni da kai?"

Muryar ta hau rufi ta sauko ta zagaya ɗaki. Na ga Bu Wulan ta dubi na'urar da ta riga ta kashe kamar yaron da alewarsa ta faɗi cikin yashi.

A hanya, ina riƙe mata jaka, na ce, "Bu, gobe ki bar abin a kunne ƙarƙashin faifai. Ni kuma in bar akurki a buɗe."

Ta yi dariya, amma ta girgiza kai. "Ba na ɗaukar muryar mutum a ɓoye, Sahrun. In ta sa abin a kanta da saninta, shi ke nan. In ba haka ba, a'a."

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Bu Wulan ta gwada kawo Mama Ical su yi hira, sai aka sami masu jawabi biyu, kowace na gaida shugabanni fiye da 'yar'uwarta. Ta gwada tambayar Nene labarin aurenta, Nene ta ba da shi kamar sanarwar rasuwa. Daga ƙarshe ta ce mini motar birnin Palu za ta zo ɗaukarta ran Asabar, kuma abin da ta samu da shi za ta tafi. Za a adana shi a wani wuri inda ba ya lalacewa, da sunan Nene a kai.

Wannan magana ita ta tsaya mini a rai. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe. Ina da hotonta, na san goshinta irin nawa ne, amma ban san yadda take kiran mutum ba, kuma ba wanda zai iya nuna mini. Nene ta tsufa, tana hawan matakalar gida da hutu a tsakiya. Ban so wata rana in kunna abin nan in ji wata baƙuwar mata tana gaida shugabanni, a ce mini wai ita ce ta raine ni.

Ni ba mai saurin tunani ba ne, kowa ya shaida. Dabarar ta same ni ne ina kan tsani, ina tsinkar kanumfari, lokacin da wani ɗan yayyafi ya taɓa kwanon bukkar gona, tak, tak, sai na ga na fara saukowa da sauri tun kaina bai san dalili ba.

Duk wanda ya tashi a nan haka yake. Lokacin girbi kowane fili, kowane gefen titi, tabarmi ne da tamfol shimfiɗe da kanumfari. In ruwa ya taɓa shi yana shanya, launinsa ya ɓaci, mai saye ya taɓe baki. Ruwanmu kuma ba ya sallama, yakan sauko rana na tsakiyar ka. Don haka wanda ya fara jin ɗigo a kan kwano ba ya tsayawa duba sama. Ihu yake yi wa layi duka, kowa ya fito a guje ya naɗe tabarmar da ta fi kusa da shi, ko ta wanda ba sa ga maciji ce. Sai an kwashe ake ɗaga kai. Kuma ban taɓa jin tsohuwar da ta yi wannan ihun da harshen makaranta ba.

Na yi gwaji a bukkar gona. Tsakuwa ta cika ƙara. Masara tana gangarowa, ko jariri ya san ba ruwa ba ne. Watsa ruwa da hannu kuma kamar an zubar da wankin kwano. Sai da na tsoma tsintsiyar kwakwa a bokiti na girgiza ta daga sama, a hankali da farko, sannan da ƙarfi. Har ni mai yi na waiga neman tabarma.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi zama na ƙarshe. Rana ta take, ko gajimare ɗaya babu. A filin gidanmu girbin Nene ne kwance kashi uku: kore na jiya, ja mai rabin bushewa, da baƙi-baƙi wanda ya kusa shiga buhu, kowanne da tabarmarsa. Na rufe tagogi, na rataya bargo da kyau fiye da kullum, na kai zakara. Na tsaya har na ga an maƙala wayar, har na ji "Ina gaida shugabanni masu daraja." Sai na zagaya bayan madafa, na jingina tsanin gora da bishiyar mangwaro, na hau da bokitina.

Tak.

Na dakata, na yi bisimilla.

Tak. Tak-tak. Tak-tak-tak-tak.

A cikin ɗaki jawabi ya yanke a tsakiyar kalma. Sai kujera ta faɗi.

"Ruwaaa! Ruwa, jama'a! Sahruuun! Ina yaron nan? Mama Ical, fito, ruwa! Ical, ja tamfol! Ba wannan ba, ɗan nema, wancan! Wayyo kanumfarina!"

Daga inda nake ina ganin komai ta saman rufi. Nene ta sauko matakalar nan da take hutawa a tsakiyarta kamar 'yar shekara goma sha biyar, mayafi a hannu, wayar na kunnenta, akwatin na rawa a ƙugu. Ihun ya kama gida na gaba, ya tsallaka titi, ya bi layi har bakin gada. Ƙofofi suka yi ta buɗewa. Tsofaffi da zane a ƙirji, maza da hular masallaci ba su cire ba, wani da cokali a baki. Ana ja, ana naɗewa, ana zubawa a buhu. Bu Wulan ta biyo baya da abin sauraro a kunne, rungume da na'ura, bakinta buɗe.

Gaskiya ni gidanmu kaɗai na yi niyya. Na manta cewa muryar Nene ba ta san iyakar gida ba.

Da na sauko a lokacin, da na shiga cikin masu kwasa ba wanda ya sani. Amma kallo ya ɗauke mini hankali, kuma dama ni ba a san ni da gaggawar sauka daga tsani ba.

Mama Ical ce ta fara ɗaga kai. Ta kare ido da hannu, ta juya gabas, ta juya yamma.

"Saripa, ina ruwan?"

"Na ji shi da kunnena!"

"Kunnen da aka toshe da waya? Dubi sama, ko tsuntsu ya ji kunyar wucewa."

Nene ta dubi sama. Ta dubi ƙasa, busasshiya ƙaƙas. Ta dubi tabarminta, inda masu taimako suka juye kore da ja da baƙi wuri ɗaya, har da na Mama Ical a ciki. Sannan ta ga ruwa na ɗiga daga bakin kwanon madafarmu, nan kaɗai a duk faɗin Binontoan. Ta bi ɗigon a hankali, layi duka na biye da ita, ta zagayo baya, ta ɗaga kai.

Ina riƙe da tsintsiya tana tsiyaya.

"Sannu, Nene," na ce.

Ta riƙe ƙugu. Sannan ta fara, ƙasa-ƙasa.

"Sahrun. Me kake yi a can?"

"Ina... wanke kwano."

"Kwano kake wankewa." Muryar ta ɗan ɗaga. "Ran Juma'a. Da tsintsiya. Daga kan mangwaro. Ku ji fa, jama'a, kwano yake wankewa! Farantin da ya ci wainar ambal da safe yana nan ƙuda na bi, amma rufin gida yake wankewa! Wa ya aike ka? Ni? Na aike ka? Yaushe? Ina barci? Kai, dube ni nan! Mai ƙafafu kamar sandar tura kwale-kwale! Na ba ka nonon gwangwani da cokali, na goya ka har gona, ashe mai yin ruwan sama nake raino ban sani ba! To tunda kai ne mai ruwa, sauko ka yi mana rana ta raba kore da baƙi! Sauko! A'a, kada ka sauko, zauna can, in ka sauko ban san abin da zan yi ba! Na ce ka sauko!"

Ta yi tambaya ta amsa wa kanta, ta kira mutane shaida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta kwaikwayi muryata, ta kwaikwayi ta marigayi kakana. Mutanen da suka zo da fushi suka fara riƙe ciki. Na saci kallon Bu Wulan. Idonta na kan na'ura. Can sai na ga ta ciji leɓe ta danna wani abu ta kashe.

"Nene," ta ce, "ki gafarce ni. Abin yana kunne tun daga ɗaki. Duk ya shiga."

Nene ta kai hannu ta taɓa wayar da ke bakinta. Ta manta da ita sarai. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta wuce cikin gida.

Bu Wulan ta juyo kaina bayan na sauko. Ban taɓa ganin ranta a ɓace ba sai ran nan.

"Da ta faɗi a matakala fa?"

Ni ban yi wannan tunanin ba.

"Ta yarda a ɗauki magana a kan hotuna, ba wannan ba. Zan kunna mata ta ji. In ta ce a goge, a gabanta zan goge, kuma ba ruwanka."

Hukuncin layi bai ɗauki lokaci ba. Aka tara mini duk kanumfarin da ya cakuɗe a barandarmu, aka ba ni faifai uku, aka ce in tsince shi ɗaya-ɗaya. Ina cikin yi, bayan la'asar, Nene ta fito ta zauna a kujerarta, ta koma zanenta na gida da hodarta a fuska. Mama Ical ta zo da soyayyiyar ayaba da yaji, wai ta kawo wa baƙuwa, amma kowa ya san abin da ya kawo ta. Bu Wulan ta ajiye kwamfuta a kan tabarma ta kunna.

Muryar ta cika baranda. Shuɗin zaren nan ya zama duwatsun bayan gari, hawa, gangare, kwazazzabo, wani wurin har ya nemi fita daga allo. Nene ta saurara har ƙarshe fuskarta a ɗaure.

"Goge shi, Saripa," in ji Mama Ical, tana tauna. "Kina so mutanen ƙasashen waje su ce matan Binontoan duka haka bakinsu yake? Ki bar musu na shugabanni masu daraja. A can kin fito kamar matar hakimi."

"Wa ya tambaye ki?"

"Ni dai shawara na bayar."

Nene ta dubi Bu Wulan. "Abin kunya ne, 'yata. Tsohuwa da ni, ina ihu a titi ba mayafi."

"Yadda kika ce haka za a yi, Nene."

Bu Wulan ta kai yatsa kan kwamfuta ta jira. Na ajiye kanumfarin da ke hannuna. Ban iya dogon bayani ba, kuma na san in na yi da harshen makaranta ba zai shige ta ba. Sai na lallaɓa da Totolina mai ɗingishi.

"Nene, waccan ta cikin ɗaki ban san ta ba. Ban taɓa cin abincinta ba. Wannan ce tawa."

"Rufe mini baki, mai ruwan sama."

Na rufe. Ta ɗauki ayaba ɗaya, ta dangwali yaji, ta ci a hankali har ta cinye. Sannan ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Wa kika ce zai ji?"

"Masu son sanin yadda ake magana da Totoli. Ɗalibai. 'Ya'yan garin nan ma, in sun nema."

"Har yaushe?"

"Muddin wurin ajiyar yana nan. Bayan ni, bayan ke."

"Bayan yaron nan ma?"

"Bayan shi ma."

"'Ya'yansa za su ji? In ya sami wadda ta yarda?"

"In suna so."

Nene ta dube ni. Na ga gefen bakinta ya motsa, hodar wurin ta tsage.

"Sunansa ya fito sosai? Ba a haɗiye shi ba?"

"Ya fito raɗau, Nene. Sau da yawa."

"To bar shi."

Mama Ical ta tafa hannu. "Saripa, ba ki da kunya!"

"Ke ma muryarki na ciki, kina neman ruwa a sama kamar agwagwa."

"Ni? A bar tawa ma! Ai ni na gano ba ruwa."

Bu Wulan ta janye yatsanta, ta sauke ajiyar zuciya, ta fara godiya. Nene ta ɗaga mata hannu.

"Ban gama ba. Kin kashe abin ina tsakiyar magana. In za a ajiye, a ajiye cikakke, kada jikokinsa su zaci yau ya fara. Kawo wayar."

Ta karɓa ta maƙala da kanta, a karkace, ta ƙi yarda a gyara. Bu Wulan ta sa abin sauraro, ta ce in matso da faifaina kusa don amsata ita ma ta shiga.

"Kuma da Totoli za ka amsa," in ji Nene. "In ka zame, mu koma farko."

Na ja faifai na zauna a gabanta. Ta gyara zama, ta dubi na'urar ido cikin ido, ba sallama ba gaisuwar kowa, ta faro daga shekarar da na cusa ƙwallon kanumfari a hanci aka ɗauke ni a babur har asibitin gari.